Raba Makwanci: 'Ya'ya Maza da Mata a Ɗaki Ɗaya a Ƙasar Magarya da Dungas

Duk wanda ya san yadda ake gina gida a ƙasar Hausa ya san cewa da yawan matan aure ake ƙidaya ɗakuna, ba da yawan 'ya'ya ba. Mutum ya yi aure, a tayar wa amarya ɗaki. Ya ƙara ta biyu, a tayar da wani, domin shari'a da al'ada sun haɗu a kan cewa kowace mace tana da haƙƙin mazauninta, ba a tilasta mata zama ɗaki ɗaya da kishiya. Amma 'ya'yan da Allah zai kawo bayan haka, ko biyu ne ko tara, ba wanda ke auna musu ƙasa ko ya sayo musu azara, sai dai su tashi a ɗakin uwarsu, a kan tabarmarta, har ranar da girma zai fitar da su. Wannan tsari ya daɗe yana ɗauke da jama'a ba a ji kukansa ba, saboda a zamanin da fili yana da yalwa, itace yana kusa, kuma da wuya a sami gidan da babu tsohuwa mai ɗaki nata na kanta wadda jikoki ke tarewa wurinta da dare.

A kudancin jihar Damagaram, inda gundumomin Magarya da Dungas suka jingina da iyakar Nijeriya ta wajen Babura da Maigatari, yalwar nan ta ƙare. Dungas, tsohuwar ƙasar Sosebaki, tana cikin gundumar Magarya har shekarar 2011 da aka yanke ta aka ba ta gashin kanta, kuma ƙidayar jama'a ta 2012 ta sami mutum fiye da 570,000 a Magarya, fiye da 350,000 a Dungas, abin da ya sa yankin yake cikin wuraren da suka fi cunkoso a Nijar baki ɗaya. Binciken lafiya da aka yi a wannan shekara ya nuna cewa macen Nijar, in an daidaita lissafi, tana haihuwar 'ya'ya 7.6 a rayuwarta, ta jihar Damagaram kuwa ta haura takwas. A ƙauyukan Bande da Waca da Kwaya, ko na Malawa da Guci da Dogo-Dogo, gero yana tsiro har gindin danga, ta yadda maigidan da ya so ƙara ɗaki, in gidan ya riga ya cika, sai ya ci daga gonar da yake ciyar da masu kwana a ɗakin. To, a irin wannan hali, idan yaro da yarinya 'yan ɗaki ɗaya suka fara tasawa, shin ya halatta su ci gaba da kwana wuri ɗaya, in kuwa an raba su, ina za a kai kowannensu?

Ta fuskar dokar gwamnati dai amsar gajera ce. Babu wata doka a Nijar da ta yanka shekarun da za a raba wa da ƙanwarsa ɗaki, kuma babu jandarman da zai shiga gidan mutum ya ƙidaya tabarmi. Ƙasar ba ta da kundi guda na dokokin iyali, domin duk yunƙurin da aka yi na kafa shi ya ci karo da adawar ƙungiyoyin addini, har aka jingine shi. Abin da ake aiki da shi shi ne dokar tsarin kotuna, wadda aka sabunta a 2018, wadda ta ce a sha'anin aure da saki da riƙon 'ya'ya da gado alƙali zai bi al'adar masu ƙara, tare da masu ba shi shawara da suka san al'adar, al'adar Bahaushen Magarya kuwa, in aka tone ta, fiƙihun Malikiyya ne gauraye da abin da aka gada. Kafin magana ta kai kotu ma, sarakunan gargajiya suna da ikon sulhu, kuma galibin rigingimun cikin gida a ƙofar fada suke mutuwa. Kundin hukunta laifuffuka na 1961, wanda aka yi wa gyara a 2003, ya tsananta horo ga wanda ya keta mutuncin yaro ko yarinya da ba su kai shekara 13 ba, haka kuma ga wanda ya yi amfani da ikon da yake da shi a kan yaron. Amma wannan doka ce da ke zuwa bayan ɓarna ta auku, kuma idan wanda ya yi ɓarnar shi kansa bai kai 13 ba, doka ba ta ɗaukarsa mai laifi, sai dai alƙalin yara, wanda dokar 2014 ta tsara aikinsa, ya nemi hanyar kare su duka biyun.

Mutane da yawa suna zaton cewa a Turai haramun ne a doka wa da ƙanwa su kwana ɗaki ɗaya, kuma hukuma tana ƙwace 'ya'yan wanda ya yi haka, alhali ba haka al'amarin yake ba. Abin da ke akwai a Ingila ma'auni ne na cunkoson gida, wanda aka fara kafawa a dokar gidaje ta 1935, aka maimaita a ta 1985: ana ɗaukar gida ya cunkushe idan ya zama dole namiji da mace da suka kai shekara goma, waɗanda ba miji da mata ba, su kwana ɗaki ɗaya, kuma a wajen lissafin har ɗakin zama ana ƙidaya shi cikin wuraren kwana. Hukumar ƙididdiga ta Faransa tana yarda yara biyu su haɗa ɗaki in jinsinsu ɗaya ne ko ba su kai bakwai ba, ma'aunin Kanada kuwa ya sauko har shekara biyar. Waɗannan duk awo ne na gane wanda ya fi buƙatar a ba shi gida mai faɗi, watau nauyi ne da suka fi ɗora wa hukuma da masu ba da haya. Da za a ɗauki ma'aunin Ingila a bi da shi gida-gida a Sassumburum ko Yekuwa, lalle da ƙalilan ne za su tsira, kuma da ba abin da hakan zai ƙara wa kowa sai takarda, tun da babu hukumar da ke da gidajen da za ta raba.

Malamanmu sun riga Turawa yin wannan magana da ƙarnuka masu yawa, kuma sun fi su duban halin matalauci. Asalin mas'alar hadisi ne da Abu Dawuda ya ruwaito ta hanyar Amru ɗan Shu'aibu, daga ubansa, daga kakansa, wanda ma'anarsa ita ce a umarci yara da salla suna da shekara bakwai, a hore su a kanta suna da goma, a kuma raba musu wuraren kwanciya. Ibnu Abi Zaidin na Ƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya kawo wannan magana tun a gabatarwar Risala, littafin da ba zauren karatun da ba a buɗe shi tsakanin Damagaram da Kano, don haka duk almajirin da ya wuce Ahalari da Ishimawi ya ji ta tun ranar farko. Masu sharhi sun kawo saɓanin manyan almajiran Imamu Malik biyu, dukansu mutanen Masar: Ibnul Ƙasim yana ganin a raba tun a bakwai, lokacin da yaro ke famfara, Ibnu Wahbi yana ganin sai a goma, kuma maganar Ibnu Wahbi ita ce aka fi dogara a kanta a mazhaba. Umarnin yana fuskantar waliyyi ne, domin yaro ba mukallafi ba ne, kuma galibin masu sharhin sun ɗauke shi a matsayin mustahabbi kafin balaga.

Wurin da ya fi cancanta a tsaya a yi tunani shi ne yadda suka fassara rabuwar kanta. Lakhmi ya ce a shimfiɗa wa kowane yaro shimfiɗa tasa daban. Ibnu Habib na Andalus, da waɗanda suka bi shi, sun sassauta fiye da haka, suka ce abin da aka hana shi ne jiki ya haɗu da jiki babu shamaki, saboda haka idan kowane yana cikin tufarsa an sami rabuwar da ake nema. A tsakanin mai tsanantawa da mai sassautawa babu wanda ya shardanta gina ɗaki, domin fuƙaha'un nan sun san cewa yawancin al'umma a kowane zamani masu ɗaki ɗaya ne, kuma shari'a ba ta kallafa wa rai abin da ba ya iyawa. Abu na biyu da ake yawan mantawa shi ne hukuncin bai keɓanta ga namiji da mace ba: maza biyu ma ana raba musu shimfiɗa, mata biyu ma haka. Wanda ya fitar da ɗansa daga ɗakin da ƙannensa mata suke, ya tura shi inda samari shida ke kwana a tabarma ɗaya suna lulluɓe da bargo ɗaya, yana jin ya bi sunna, lalle bai karanta sharhin ya kai ƙarshe ba.

Akwai kuma wata mas'ala da ta girmi wannan, wadda kunya ta hana a riƙa faɗinta a wa'azi dalla-dalla. Aya ta 58 ta Suratun Nur ta umarci yaran da ba su balaga ba su nemi izini kafin su shiga wurin iyaye a lokuta uku, kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe tufafi don hutu, da bayan sallar lisha, aya ta 59 kuma ta ce idan sun balaga su nemi izini kamar yadda manya ke nema. Magabata sun warware wannan da turaka: maigida yana da ɗakinsa, mai girki ita ke zuwa ta same shi, 'ya'ya suna can ɗakin uwa. Amma turaka ita ce ɗaki na farko da talauci ke cinyewa, domin da zarar ɗa ya isa aure, babu kuɗin sabon gini, ita ake share wa amarya. Daga nan maigida ya koma bin ɗakunan matansa kwana bibbiyu, a ɗakin da yara huɗu ko biyar ke kwance, wasu cikinsu idonsu biyu. Matan da suka san ya kamata sukan kora yara ɗakin abokiyar zama ko na kaka ranar girkinsu, in ana zaman lafiya ke nan. A ganina yaron da ke kwana taku biyu daga gadon iyayensa yana da shekara tara ya fi buƙatar a duba lamarinsa a kan wanda ke kwana gefen 'yar'uwarsa, ko da yake na biyun ne ake tambayar malamai a kansa.

Sannan sai a tambaya, su wane ne 'yan'uwan ma tukuna? A gidan Bahaushe duk yaran da ke cin tuwo a ƙwarya ɗaya ana kiransu wa da ƙane, yaya da ƙanwa, kuma wannan kyakkyawar ɗabi'a ce, sai dai shari'a tana rarrabe abin da harshe ya haɗa. Shaƙiƙai muharraman juna ne, haka 'yan uba, haka 'yan'uwa ta wajen uwa, haka waɗanda suka sha nono ɗaya. Amma agolar da uwarta ta zo da ita, tsakaninta da ɗan maigida na wata matar babu haramcin aure ko kaɗan; ɗan riƙo da aka kawo daga wani gari haka yake; 'ya'yan wa da ƙane, da taubasai, su ne ma waɗanda ake haɗawa auren zumunci in sun girma. A yankin da sakin aure ya yawaita, maza kuma suke tafiya ci-rani Kano ko Libiya su bar iyali a hannun dangi wata da watanni, ɗaki ɗaya yakan tara irin waɗannan duka, kuma agola da 'yar riƙo su ne mafi rauni a cikinsu, domin su ne ba su da wanda za su kai wa ƙara a gaskata su.

Masu binciken cin zarafin yara a ko'ina cikin duniya sun haɗu a kan cewa galibin wanda ke cutar da yaro wanda ya sani ne, sau da yawa ma na cikin gida. A nan ƙasar, idan irin wannan ta faru, kalmar da ake fara ji ita ce rufin asiri: kada a kai likita, kada sarki ya ji, kada a ɓata wa yarinya suna ta rasa miji. Raba shimfiɗa yana rage dama, amma ba ya maye gurbin uwar da 'yarta za ta iya cewa, "Inna, ba na son kwana kusa da wane," ta saurare ta ba tare da ta ce mata ta rufe baki ba.

Al'ada ta tanadi mafita ga ɗa namiji tun da daɗewa: da ya kai munzali sai ya koma zaure, ko shagon ƙofar gida, ko ɗakin samari na unguwa, ko kuwa a damƙa shi ga malami ya tafi gabas neman karatu. A nan ne maganar likitoci ke shigowa, kuma ba ta tafiya daidai da abin da iyaye ke zato. Tsakanin farkon Nuwamba 2022 da ƙarshen Janairu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutum 559 da sanƙarau ya kama a jihar Damagaram, 18 suka rasu, kuma 342 daga cikinsu a gundumar lafiya ta Dungas suke, sauran a Matamaye da Mirya da Magarya da wasu wurare. A wannan lokaci kuma cutar ta yi ɓarna a tsallaken iyaka, a jihar Jigawa. Yara da matasa ta fi kamawa. Ƙwayar sanƙarau tana bin numfashi da tari ne daga maƙogwaro zuwa maƙogwaro, kuma ba abin da take so kamar ɗaki mai ƙaramar taga, an toshe ta da tsumma saboda hunturu, mutum goma suna shaƙar numfashin juna har asuba. Zauren da samarin gida uku ke kwana ya fi ɗakin uwa wannan siffa. Don haka rage yawan masu kwana a ɗaki da buɗe taga, tare da kai yara allurar rigakafi duk sa'ad da aka yi shela, sun fi kusa da ceton rai a kan tambayar wane ne namiji wace ce mace.

Da damina kuwa sauro ne ke yanke hukunci. Ƙungiyar likitocin nan na-gari-na-kowa, MSF, tana aiki a asibitin yara na Magarya tun 2005, kuma a Satumba 2018 ta ba da sanarwar cewa a watan da ya gabata kimanin yara goma ne ke mutuwa kowace rana a wannan asibiti, galibi saboda zazzaɓin cizon sauro da tamowa, yaran da aka kwantar sun haura 700. Ƙanana 'yan ƙasa da shekara biyar ne suka fi mutuwa, amma manyan yara ma suna kamuwa, kuma su ne aka fi bari babu sange, watau gidan sauro, domin uwa da jariri su ake fara rataya wa, yaron da aka tura zaure kuwa da tabarmarsa kaɗai yake tafiya. Raba yara ba tare da raba musu gidan sauro ba kamar fitar da kaza ne daga akurki don gudun ƙuma a bar ta a fili inda shaho yake.

Sauran haɗurran sananni ne. Kaskon garwashi a rufaffen ɗaki yana kashe masu barci ba tare da sun farka ba, ɗakin kara da zana kuwa ba ya ba da lokacin ɗaukar yaro na biyu in wuta ta kama. Ginin laka da ya sha ruwa yakan rufta da dare. A daminar 2024 ambaliya da rushewar gidaje sun kashe mutum fiye da 300 a Nijar, har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi a farkon Satumba. Tsohon ɗakin da aka daina kwana a ciki don bangonsa ya tsage, shi ne sau da yawa ake share wa yara in an ce a raba su. Jariri kuma bai kamata ya kwana a tsakanin yayyensa ba, domin yaro mai nauyin barci yana iya danne shi bai sani ba.

Ita 'ya mace ba ta da zaure. In akwai kaka ko goggo a gidan, ɗakinsu shi ne mafi alherin wurin da za a kai ta, kuma gidajen da suka riƙe wannan al'ada ba su san darajar abin da ke hannunsu ba. In babu, sai ta zauna ɗakin uwa tare da ƙannenta har ranar da za a ce ta yi girma da kwana a nan, kuma kowa ya san abin da wannan magana ke nufi. Binciken 2012 ya sami cewa kashi 76 cikin ɗari na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, a jihohin Maradi da Damagaram abin ya fi haka, dokar farar hula da aka gada daga Faransa kuma ta yarda da auren yarinya tun tana da 15. Dalilan aurar da yarinya da wuri suna da yawa, akwai tsoron abin kunya, akwai talauci, akwai rashin makaranta a kusa, amma ƙuncin ɗaki yana cikinsu, ko da yake ba uban da zai tsaya gaban mutane ya ce ya aurar da 'yarsa don ya rasa inda zai shimfiɗa mata tabarma. Dokar da gwamnati ta sa wa hannu a Disamba 2017 don kare yarinyar da ke makaranta, da gidajen kwanan 'yan mata da aka fara ginawa a jikin makarantu, irin na Kelle a gundumar Gure, duk suna taɓa gefen wannan matsala, sai dai 'yan kaɗan suke ɗauka in an gwada da yawan masu buƙata.

Abin da ya rage a hannun mai ɗaki ɗaya shi ne abin da Lakhmi ya faɗa, kuma bai fi ƙarfinsa ba: tabarma ga kowane yaro da ya kai goma, mayafi nasa na kansa, kowa ya kwana da tufa a jikinsa, maza gefe mata gefe, uwa a tsakani, in an sami tsohon zane a ɗaura igiya a raba ɗakin biyu, a kuma keɓe inda yarinya za ta sauya tufa. Da bazara ma tsakar gida ake kwana, matsalar takan sauƙaƙa da kanta. Wanda Allah ya hore wa ya buga tubali bayan kaka, ya fi kyau ɗakin da zai tayar ya kasance a cikin gida inda ido ke kai, ko da na samari ne, maimakon a bakin hanya.

Akwai kuma wani abu ƙarami da ke hannun hukumar lafiya. A wajen rabon sange ƙa'idar da ake bi ita ce ɗaya ga mutum biyu, ana ƙidaya kawuna ne kawai, ba a tambayar shekaru ko jinsi; don haka gidan da ke da miji da mata, da yaro ɗan shekara 12 da yarinya 'yar 11, sange biyu zai samu, watau lissafin ya riga ya kwantar da wa da ƙanwarsa a ƙarƙashin guda. Iyayen da suka ƙi haka sai su zaɓi wanda zai kwana babu kariya, kuma kusan kullum namijin ne. Ma'aikatan da ke zagayawa gida-gida suna rubuta sunaye kafin rabo, da za su ƙara tambayar wuraren kwanciya nawa ne a gidan, da wa ke kwana a zaure, da lissafin ya fito daban a Dungas da Magarya.